Tafkin Gidimuni a cikin kwamfuta: taswira ta samu, amma wa ke riƙe da ita?

Matafiyin da ya bar Damagaram ya nufi Gure kan hanyar RN1, idan ya ci kusan kilomita 70, zai ga ƙasa ta sauya masa fuska: tuddan rairayi a sama, a ƙasa kuma kwari mai ruwa da dabino da gonakin rake da lambuna. Nan ne Gidimuni, ƙaramar hukuma a gundumar Damagaram Takaya. A shekarar 2019 aka shigar da tafkinta cikin jerin Ramsar, wato dausayoyin da ƙasashen duniya suka amince a kiyaye. Kafin a karɓi wuri cikin wannan jeri sai an kai taswira mai nuna iyakarsa da fadinsa. Ke nan iyakar tafkin Gidimuni tana nan a zane, ana iya buɗe ta daga ko'ina ta intanet. Tambayar ita ce ko mai lambun da ke bakin ruwan, da magajin garin da ke raba masa gardama, sun taɓa ganin layin.

Abin da masu faransanci ke kira SIG ba wani tsafi ba ne. Taswira ce a kwamfuta wadda ake jera bayanai a kanta hawa-hawa: hawan hanyoyi, na rijiyoyi, na makarantu, na burtali, na inda ruwa ke kwanciya da damina. Idan aka ɗora su kan juna sai abin da ke ɓoye ya bayyana, misali a ga an yanka filaye daidai kan hanyar ruwa, ko ƙauyuka biyar suna rububin fanfo ɗaya.

A da aikin masu kuɗi ne. Yanzu kayan sun yi araha. Tun 2008 Amurka ta saki hotunan taurarin Landsat kyauta, kuma tarinsu ya faro daga 1972. Taurarin Sentinel-2 na Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna dawowa kan wuri ɗaya kusan kowane kwana biyar. Manhajar QGIS ba a biyan ko dala. Da waɗannan, ɗalibin sashen labarin ƙasa a jami'ar André Salifou ta Damagaram zai iya jera hotunan tafkin na shekaru da dama, ya auna inda ruwa ya ja baya da inda rairayi ya ci. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take horar da ma'aikata kan sa ido ga damina da makiyaya, akwai kuma IGNN mai kula da taswirar ƙasa.

Jihar Damagaram ta riga ta ga amfanin kallon sama. Hotunan jirgi da na tauraron ɗan Adam ne suka tabbatar wa duniya abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna yi shiru, wato barin gawo da sauran itatuwa su sake tofowa a gona. Binciken da Gray Tappan da Chris Reij suka shiga ya ƙiyasta hekta wajen miliyan 5. Manomi ya san gonarsa, amma sai da taswira aka ga girman aikin baki ɗaya.

Matsalar tana tsakanin jami'a da ofishin magajin gari. Ɗalibi ya gama bincike, ya kare shi gaban malamai, a tafa masa, kundin ya hau kanta. Ƙaramar hukumar da aka yi binciken a kanta sau da yawa ba ta da ko kwafi, balle ma'aikacin da zai buɗe fayil ɗin, ga wutar lantarki da ba ta tsayawa. Ƙungiyoyin agaji ma haka: su zo da GPS su ƙirga rijiyoyi, wa'adinsu ya ƙare, bayanan su tafi cikin kwamfutar wanda ya tattara su. Mai zuwa a baya ya sake ƙirga rijiyoyin nan dai. Tun zaɓen 2004 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi tsara shirin ci gabansu, amma a Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun da aka zaɓa suka naɗa kantomomi. Sabon shugaba da bai san yankin ba ya fi kowa buƙatar taswira mai gaskiya, kuma shi ne ya fi saurin gaskata ta ko da ta yi kuskure.

Inda abin ya fi zafi shi ne ƙasa. Dokar Code rural ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda jama'a ke kira Kofo, daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma har ƙauye, su ne ke ba da takardar shaidar gona, ta saye ko gado ko aro ko jingina. Ɗaukar kusurwoyin gona da GPS yana rage irin rigimar da ake yi kan itacen iyaka da ya faɗi, ko dattijon da ya san iyakar ya rasu. Ga makiyaya ma kariya ce: burtalin da aka auna aka shigar a rajista ya fi wuyar haɗiyewa, kuma dokar kiwo ta 2010 ta hana a mallake shi.

Sai dai bakin tafki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shekarar ruwa ya cinye lambuna, shekarar fari ya bar danshi mai albarka da kowa ke kwaɗayi. Wanda aka auna masa a watan Afrilu da wanda aka auna masa a Satumba ba ƙasa ɗaya suka gani ba. Ga kuma haƙƙoƙin da ke hawa kan juna a fili guda: mai gona, wanda aka ara wa ya yi shekara ashirin yana nomawa, mai dabinon da ke tsaye a ciki, makiyayin da ke shayar da dabbobi bayan an kwashe amfani, da mace mai gado wadda ƴan'uwanta maza ke noma rabonta. Kwamfuta tana tambayar suna ɗaya. Wanda ya riga zuwa ofis, ko wanda ya iya biyan kuɗin awo, shi ne sunansa zai shiga, sauran su zama baƙi. Na'urar kanta tana da iyaka: GPS na wayar hannu kan kauce da ƴan mitoci, ɗigo ɗaya a hoton Sentinel kuma mita 10 ne kowane gefe. A gonar hatsi wannan ba komai ba ne, a lambun albasa kuwa kwami da yawa ne.

Don haka awon da aka yi ba gaban maigari da maƙwabta da wakilin makiyaya ba, sabuwar rigima ce aka buga wa hatimi.

A birni darasin ya zo da daminar 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, ta kuma rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram a farkon Satumba. Hanyoyin ruwa da kwazazzabai ba sa ɓuya ga taswirar tudu da gangare. Amma yanka filaye na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙananan hukumomi, kuma taswirar da ta ce kada a gina nan tana rage abin da ke shiga asusu. Mai yiwuwa shi ya sa ake ɗokin taswirar karɓar haraji fiye da ta ambaliya.

Abin da Gidimuni ke buƙata bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba: yarjejeniya da jami'a cewa duk binciken da aka yi a yankin za a ajiye kwafinsa da bayanansa a ofishin Kofo, ma'aikaci ɗaya da aka horar wanda ba ya tafiya idan shugabanci ya sauya, da taswirar tafkin a buga ta babba a takarda, da sunayen wurare kamar yadda mutanen garin ke kiransu, a kafa ta inda mai lambu zai iya sa yatsa ya ce layin nan bai bi daidai ba.