Su da Bakinsu Suka Ce Bauta Ce

Akwai wata magana da ke yawo a gajerun bidiyo da muhawarorin Facebook, har wasu cikinmu masu son tarihi sun haddace ta: wai yaƙin basasar Amurka ba a kan bauta aka yi shi ba, a kan 'yancin jihohi ne da harajin fito, wai Arewa mai masana'antu ce ta danne Kudu mai noma. Maganar tana da daɗin ji, domin mai faɗarta yana jin ya gano abin da littafin makaranta ya ɓoye. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ba za mu kira shaida daga Arewacin Amurka ba. Waɗanda suka ɓalle ɗin za mu kira.

Karolina ta Kudu ce ta fara ficewa daga tarayya, ranar 20 ga Disamba 1860, makonni kaɗan bayan Abraham Linkon ya ci zaɓe. Bayan kwana huɗu ta fitar da takardar dalilanta. Babban ƙorafinta shi ne jihohin Arewa sun ƙi mayar da bayin da suka gudu, kuma an zaɓi shugaban da ke ƙin bauta. Misisifi ta biyo baya a Janairun 1861, ta rubuta ƙarara cewa matsayinta da bauta abu ɗaya ne. A watan Maris, Alexander Stephens, mataimakin shugaban sabuwar ƙasar 'yan aware, ya tsaya a birnin Savannah ya ce tubalin gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba, kuma bauta ce matsayin da ya dace da shi. Tsarin mulkin da suka rubuta ya haramta yin duk wata dokar da za ta taɓa haƙƙin mallakar bayi. To mai karatu, wa za mu gaskata, mai bidiyon minti biyu ko masu abin?

Dalilin wannan naci ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 1860 ta sami bayi kusan miliyan 4 a Amurka. A Karolina ta Kudu da Misisifi bayi sun fi 'ya'ya yawa. Audugar da suke tsinka ita ce fiye da rabin kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa, ita ke ciyar da masaƙun Ingila. Bawa dukiya ne da ake jinginarwa a banki, a bar wa magada, a sayar idan bashi ya ciyo.

Sai batun 'yancin jihohi, wanda a nan ne abin ya fi ba mu dariya mai ciwo. Masu bayi sun fi kowa son ƙarfin gwamnatin tarayya muddin tana yi musu aiki. Dokar kama bayi masu gudu ta 1850 ta tilasta wa mutumin Arewa ya taimaka a kama maƙwabcinsa, ta hana wanda aka kama yin magana don kare kansa a gaban shari'a. Jami'in da ke yanke hukunci yana karɓar dala 10 idan ya miƙa mutum ga mai da'awa, dala 5 idan ya sake shi. A 1854 sai da aka zuba sojoji a titunan Boston don a raka mutum ɗaya, Anthony Burns, zuwa jirgin da zai mayar da shi bauta. Ina 'yancin jihar Massachusetts a ranar? Da jihohin Arewa suka yi dokokinsu na kare waɗanda ake farauta, Kudu ce ta yi kuka cewa an karya tsarin mulki. Haka a 1857, da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a sababbin yankuna, Kudu tafi ta yi.

Waɗannan sababbin yankuna na yamma su ne ainihin filin rigimar. Kowace sabuwar jiha tana zuwa da sanatoci biyu, don haka duk wadda za a shigar sai an tambaya: mai bayi ce ko marar bayi? An yi sulhu a 1820, an sake faci a 1850, dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta yaga facin, aka fara kashe juna a Kansas tun kafin yaƙin. Linkon bai yi alkawarin 'yanta bayin Kudu ba. Cewa ya yi bauta ba za ta ƙara faɗi ba. Wannan kaɗai ya ishi jihohi bakwai su fice tun bai karɓi mulki ba.

Zancen haraji ba zai ɗauke mu lokaci ba. Harajin fito da ke aiki a 1860 na dokar 1857 ne, mai sauƙi, kuma da ƙuri'un 'yan Kudu aka yi shi. Mai tsananin, wanda ake kira na Morrill, ya zama doka a Maris 1861, bayan sanatocin jihohin da suka ɓalle sun bar kujerunsu.

Za a ce mana ai Arewa ma ba tsarkaka ba ce. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Wariyar launin fata ta yi katutu a can, jihohi huɗu masu bayi sun zauna cikin tarayya, Linkon da kansa ya rubuta a 1862 cewa ceton tarayyar ne burinsa, ko da 'yanta bayi ko babu. Amma tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa da gangan: me ya sa Arewa ta ƙi barin ƙasa ta rabe, da me ya sa Kudu ta fice ta buɗe wuta a kan sansanin Sumter ranar 12 ga Afrilu 1861. Amsar ta biyu tana rubuce da hannunsu. Za a kuma ce yawancin sojojin Kudu ba su mallaki bawa ba. Haka ne, kuma su ne suka yi gunaguni a 1862 da aka yafe shiga soja ga mutum ɗaya a kowace gona mai bayi ashirin.

Labarin 'yancin jihohi bayan shan kaye aka gyara shi. Fiye da mutum 600,000 sun mutu, an soke bauta a 1865, sai Stephens da Jefferson Davis suka zauna suka rubuta manyan littattafai suna wanke kansu. Wannan wankin ne ya bi shekaru ya iso wayoyinmu.

Kuma kada mu ɗauka labarin wasu ne can nesa. Cikin baƙaƙen fata kusan 180,000 da suka shiga sojan tarayya akwai ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi, ya bi ta Turabulus da Istanbul da Rasha, ya sami 'yanci, ya isa Amurka. A 1863 ya sa hannu a runduna ta 55 ta Massachusetts. Bayan yaƙi ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattu. Da ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873, a tsakiyar waɗanda ya yaƙa, ya ba da labarin Kukawa da hamada da fadojin Turai, amma bai ambaci cewa ya taɓa sa kakin soja ba.