Fassarar manhaja zuwa Hausa na buƙatar mai kula da ita

Kwanan baya kawuna ya zo Tambuwal daga Kebbe, ya miƙo mini wayarsa ransa a ɓace: "Ɗana, na taɓa 'soke', sai lissafin bashin da nake bin mutane ya tafi." Ni na sa masa manhajar, irin wadda kowa ke iya gani da gyara lambobinta. Da na buɗe fayil ɗin fassarar, sai na tarar a wani shafi "soke" na nufin fasa, a wani kuma goge. Mutum biyu suka fassara, babu wanda ya duba aikin ɗayan.

Ra'ayina shi ne: masu fassara ba su yi mana kaɗan ba, mai kula da fayil muka rasa.

A Android, kalmomin Hausa na manhaja suna zaune ne a strings.xml cikin jakar values-ha. Fayil ne mai saurin fushi. Ka rubuta 'ya'ya ba tare da ka sa alamar \ kafin kowane ɗigon sama ba, manhajar ta ƙi haɗuwa. Ka share %s, gurbin da sunan mutum ko adadin kuɗi zai shiga, saƙon ya fito babu su. Ka yi ƙiwar rubuta ƙ, "ƙasa" ta koma "kasa", alhali Gboard na da allon Hausa.

Akwai kuma shawarwarin da na'urar fassara ba za ta yanke mana ba. Da "ka" za mu yi wa mai waya magana, ko "ki", ko "ku"? Ni Basakkwace ne, "mi" nake cewa a gida, amma a fayil "me" nake rubutawa don na Zariya da na Maraɗi su karanta ba gardama.

Wani zai ce dokoki na korar 'yan sa-kai. Gaskiya ne, in sun yi yawa. Uku sun isa: jerin kalmomin da aka amince da su, mutum na biyu ya duba kafin a karɓa, sannan a gwada a waya ta gaske.

Ba sai kana da kwamfuta ba. Weblate da translatewiki.net suna buɗewa a wayarka. Zaɓi manhaja ɗaya, ka fara da karanta abin da aka riga aka fassara, ka gyara layi goma. Ni na gyara "soke", amma lissafin kawu bai dawo ba.