Mai sayen gwangwani ne ke biyan tsada

1/ In ka lissafa, mai sayen gwangwanin shinkafa ya fi mai sayen buhu biyan tsada. Masu cewa "ai kuɗin leda ne da awo" wallahi sun gajarce zancen.

2/ Akwai kuɗin wahala, eh. Amma akwai kuma ɗan kasuwa ya san aljihunka. Matsakaicin farashi ba ya raba biyun.

3/ A 2020 Attanasio da Pastorino sun bi farashin shinkafa, wake da sukari a ƙauyukan Meziko, gwargwadon abin da kowa ya saya. Da tallafin Progresa ya shigo, ragin mai sayen da yawa ya ƙaru. Leda ce ta canja?

4/ Masu auna tallafi a nan, ku riƙa tambayar mudu nawa aka saya.