Ƙaramin Dodon Koɗi Ma Abin Nazari Ne

A gaɓar tekun Afirka ta Kudu akwai wani ƙaramin dodon koɗi, Haliotis parva, wanda tsawonsa bai wuce santimita 5 ba. Yakan maƙale a ƙarƙashin duwatsu yana kankarar gansakuka, ruwan numfashinsa kuma yana fita ta jerin hudojin ɓawonsa. Ba shi da kasuwa kamar babban ɗan'uwansa, Haliotis midae, saboda haka ba a cika nazarinsa ba. A ganina wannan kuskure ne. A 2022 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa jinsi 20 cikin 54 na wannan dangi suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma sai an san halitta ake iya kare ta. Malamai da ɗalibai, kada mu bari farashi ya zaɓar mana abin nazari.