Kyanwar da ke gadin siton abinci tana iya zubar wa akuyarka ciki

Da yawanmu idan kaji ko tarwaɗa suka fara kawo ɗan canji, sai mu sayi awaki biyu ko uku mu ɗaure a gefen keji. Dabara ce mai kyau. Amma ni a ganina, duk wanda zai haɗa kaji da awaki a waje ɗaya, ya fara tunanin inda kyanwarsa take kwana kafin ya yi tunanin irin bunsurun da zai saya.

Ga dalilina. Inda akwai buhun abincin kaji akwai ɓera, inda akwai ɓera kuma sai mu kawo kyanwa mu rufe ta a sito. To a cikin siton nan ne dusa da kowa da harawar awaki suke. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira tokzoplazma, wadda aka gano tun 1908 a ƙasar Tunisiya, amma sai wajen 1970 masana suka tabbatar cewa a hanjin kyanwa da danginta kaɗai take yin ƙwayayen da ke fita a kashi. Kyanwa ta ci ɓera ko tsuntsu mai ɗauke da ita, sai ta yi mako ɗaya zuwa uku tana fitar da miliyoyin ƙwayaye. Bayan kwana 1 zuwa 5 sun nuna, kuma a ƙasa mai laima da inuwa suna iya wuce shekara da ransu. Kun kuwa san halin mage, wuri mai laushi take nema ta tona ta binne kashinta. Me ya fi buɗaɗɗen buhun dusa laushi?

Akuyar da ba ta da ciki, sau da yawa ba za ka ga komai a jikinta ba. Mai ciki ce abin ji. Idan ta kamu da wuri, cikin ya lalace ka zaci barbarar ce ba ta kama ba. Idan ya yi nisa sai ta yi ɓari, ko ta haifi ɗa matacce, wani ma a bushe kamar ƙirgi, ko rarrauna da ba ya iya kama nono. Wani lokaci idan ka duba mabiyiya za ka ga ɗigo-ɗigo fari a jikinta. Wata biyar na ciyarwa ya tafi a banza ke nan. Tunkiya yawanci sau ɗaya take yin wannan ɓarin ta samu kariya, akuya kuwa tana iya maimaitawa a ciki na gaba.

Ba sito kaɗai ba ne. Kwamin ruwa da ke kwana a buɗe, da ruwan kududdufi da ruwan sama ke wanko ƙazanta cikinsa, da zuba abinci a ƙasa, da sakin awaki suna kiwo a bola, duk hanyoyi ne. Shi ya sa bincike ke yawan samun alamar cutar a tsofaffin awaki fiye da ƙanana, don sun fi daɗewa suna ci a ƙasa. Mu masu kaji kuma muna da namu laifin: jefa wa kyanwa mushen kaza. Kazar gida da ke tona ƙasa tana ɗaukar ƙwayar a namanta ba tare da ta nuna alama ba, sai mu miƙa wa kyanwa da hannunmu.

Na san wani zai ce, to a kashe kyanwar mana a huta. A'a, ban yarda ba. Babbar kyanwa da ta riga ta kamu, da wuya ta sake fitar da ƙwayaye masu yawa. Ƙananan da suka fara farauta su ne suka fi haɗari. Ka kori tsohuwar, gobe ƙananan unguwa sun maye gurbinta. Ka bar babbarka ta yi farauta a waje, ka hana ta yawan haihuwa a gonar, ka hana ta shiga sito da turken awaki. Ɓeran sito kuma a yi masa tarko, a toshe ramuka, a zuba dusa a duro mai murfi.

Wani kuma da ya ga ɓari sai ya ce hassada ce, ko ya ruga kasuwa ya sayo allurar da ake kira LA. Wannan allurar ba ta maganin tokzoplazma. Sannan ba kowane ɓari ne nata ba, akwai bakkale, akwai yunwa, akwai tunkuyi. Idan awaki biyu suka yi ɓari a jere, a kira likitan dabbobi, shi zai ɗauki jini ko mabiyiya a kai ɗakin gwaji irin na Vom da ke Filato.

Abin da ya fi damuna shi ne iyali. A yawancin gidajenmu mata ne ke kula da awaki, kuma cutar nan tana kama mutum. Mace mai juna biyu idan ta kamu karon farko, tana iya yin ɓari ko jaririn ya samu matsalar ido ko ƙwaƙwalwa. Don Allah kada mai ciki ta taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya ko kashin kyanwa. Kai maigida ka sa safar hannu, ka binne su da zurfi ko ka ƙone, kada ka jefa wa kare ko mage. A tafasa nonon akuya kafin a sha, nama kuma ya dahu har cikinsa.

Duro mai murfi, akwala da aka ɗaga sama, da ƙofar sito mai rufuwa, duka kuɗinsu bai kai asarar tagwayen jar akuya ba. A gyara kafin a kai akuya barbara. Allah ya sa albarka a kiwonmu.