Sankarar ƙoda: gwamnati ta buɗe ƙofa, saura mu daina jinkiri

 

'Yan'uwa, a shekarar 2022 hukumar inshorar lafiya ta Ghana, wato NHIS, ta sanya nau'o'i huɗu na sankarar yara cikin cututtukan da take biya wa magani. Ɗaya daga cikinsu ita ce sankarar ƙoda da likitoci ke kira Wilms. A 2025 kuma gwamnati ta kafa asusun da aka fi sani da Mahama Cares domin tallafa wa masu fama da cututtuka masu cin kuɗi, ciki har da sankara. Amma a unguwanninmu na Tamale mutum nawa ne suka san da wannan?

Da farko mu rarrabe abu biyu da ake yawan haɗawa. Gazawar ƙoda, wadda ke kai mutum ga wankin ƙoda, daban take. Sankara kuwa ƙari ne da ke tsirowa a jikin ƙodar, ya yi ta girma, in an bar shi ya bazu zuwa huhu ko ƙashi. A wajen manya, shan taba da ƙiba da hawan jini suna ƙara haɗarinta. Sau da yawa ba ta nuna alama da wuri, sai daga baya a ga jini a fitsari, ko ciwo a kwiɓi, ko rama ba dalili. Ita kuwa Wilms ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma galibi uwa ce ke fara jin kumburi mai tauri a cikin yaron lokacin wanka.

A nan matsalarmu take. Mu a arewa da an ga jini a fitsari sai a ce tsagiya ce, da an ga cikin yaro ya kumbura sai a ce saifa ce ko sammu. Tsagiya kam akwai ta, amma gwaji da hoton ciki ne kaɗai za su tantance. Sai a shafe watanni ana jiƙe-jiƙe, ba za a nufi Asibitin Koyarwa na Tamale ba sai ciwo ya ci ƙarfin jiki. A ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 masu Wilms suna warkewa, kuma zuwa da wuri na cikin manyan dalilan hakan.

Wasu suna tsoron tiyata, suna ganin cire ƙoda taɓa halittar Allah ne. Malamai sun halatta cire gaɓar da ta lalace domin a ceci rai, kuma mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya mai kyau. Hadisin Usama bn Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Addu'a da ruƙya ba sa hana ganin likita, kuma barin sababi ba tawakkali ba ne.

Duk da haka inshora ba ta ɗauke komai ba. Na'urorin gashi na gwamnati suna Korle Bu a Accra da Komfo Anokye a Kumasi, saboda haka wanda aka tura can sai ya nemi kuɗin mota da masauki da abinci, wani lokaci na makonni. Iyali da yawa a nan suke yankewa, su dawo gida ba a gama magani ba.

Wannan aikin masallatai ne. Talakan da jinya ta durƙusar yana cikin masu haƙƙin zakka. Kwamitin kowane masallaci ya ware wani abu domin irin waɗannan tafiye-tafiye, limamai su riƙa tunatar da jama'a su sabunta katin inshorarsu kafin ciwo ya zo, ɗalibai kuma su kai wa iyayenmu mata wannan bayani har cikin gida.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa ya zama kaffara. Amin.