Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Alhakin Lebura a Wuyan Mai Zanen Gini

Duk lokacin da lebura ya faɗo daga bene ya rasu, tambayoyin da ake yi ba sa sauyawa: ya sa hular kwano? Ya ɗaura igiya? Ko ganganci ya yi? Daga nan sai a ɗora laifi a kan mamaci, wanda ba shi da bakin kare kansa, ɗan kwangila ya kai ta'aziyya, washegari aiki ya ci gaba. Mutum ɗaya ne ba a tuhuma: wanda ya zauna a ofis watanni kafin a haƙa harsashi, ya zana ginin. Wannan shiru zalunci ne, domin da yawa daga haɗurran gini a kan takarda ake haifar su.

Misali zai fayyace batun. Mai zane yana iya sa wa rufin bene rawani, wato 'yar katangar da ke kewaye shi, mai tsayin taƙi biyu kacal don ado. Yana kuma iya ɗaga shi ya kai inci 42, wato mita ɗaya da 'yan kai, tsayin da dokar Amurka ta gindaya wa shingen kariya a wurin gini. Na farko tarko ne ga birkila yau, da mai gyaran tankin ruwa bayan shekara ashirin. Na biyu kuwa yana tsare kowa ba tare da an tunatar da shi ba. Haka nan, shi ne mai cewa a ajiye tanki a tsakiyar rufi ko a bakinsa, a haɗa ƙarafa a ƙasa kafin a ɗaga su ko a sa mai walda ya yi lilo a sama, a matsar da gini nesa da manyan wayoyin lantarki ko a bar rodi ya taɓa su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da lebura ke da ta cewa a kai.

Masana kariyar ma'aikata sun jera matakan tsaro daki-daki. Mafi ƙarfi shi ne kawar da haɗarin ɗungurungum; mafi rauni, wanda ke can ƙarshe, shi ne kayan da ma'aikaci ke sawa a jiki. Wanda ya raba huluna ya ce ya sauke nauyi, da wutsiya ya fara. Hula ba ta hana faɗuwa, kuma ba ta ceton wanda ya faɗo daga hawa na biyar.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2005 wani mai bincike a Amurka, Michael Behm, ya bi diddigin mace-mace 224 a wuraren gini, ya gano kashi 42 cikin ɗari suna da alaƙa da zane. Tun 1992 Tarayyar Turai ta umarci ƙasashenta su shigar da batun tsaro tun matakin tsara aiki. Birtaniya ta kafa dokarta a 1994, ta sabunta ta a 2007 da 2015, inda ta wajabta wa mai zane ya kawar da haɗarin da ake iya hangowa, ko ya rage shi, ya kuma sanar da magina abin da ya saura. A ƙarƙashin wannan tsari aka gina dandalin wasannin Olamfik na Landan na 2012 ba tare da ma'aikaci ko ɗaya ya mutu a haɗarin aiki ba.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja biyu. Ta farko, wai tsaron wurin aiki na ɗan kwangila ne. Gaskiya yana da nasa kason, amma abin da aka miƙa masa shi yake ginawa. Ba a dafa guba a ce laifin mai rabon abinci ne. Ta biyu, wai tsada. Alhali gyaran layi a takarda bai wuce goge fensir ba, gyaransa bayan siminti ya bushe kuwa sai an rusa. Tsadar gaske tana kan matar da aka bari da marayu.

Kada kuma a ce wannan tunani baƙo ne. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, an gina ta da itatuwa da suka ɓullo daga jikinta. Suna ƙarfafa ginin, su ne kuma matakalar masu yaɓe idan lokacin gyara ya zo. Maginan da suka tsara ta sun tuna da ƙafar wanda zai hau bayan ba ransu.

Abin kunya ne a ce mai digiri da kwamfuta ya kasa abin da magini ya yi da laka da itace. Wajibi ne jami'o'i su koya wa ɗaliban zanen gini da injiniyanci yadda za su tambayi kowane layi: wa zai hau nan, da me zai riƙe? Hukumomin da ke ba da izinin gini su daina sa hannu a zanen da bai zo da bayanin haɗurransa da maganinsu ba. In kuwa lebura ya sake faɗowa, a fara buɗe takardar zane kafin a nemi hularsa.